Azara Ta Goma Sha Huɗu

Khaulat na tsaye a bayan ɗakin kaji, hannu ɗaya riƙe da ƙosai, ɗayan ya ɗaga waya sama, domin a duk gidan nan ne kaɗai netwok ke yarda ya sauka. Sai ga kiran Kawu Sammani ya shigo.

"Injiniya, kin tashi?" Haka yake kiranta tun ranar da ta shiga jami'a, rabi girmamawa, rabi tsokana.

"Na tashi, Kawu. Ina kwana? Ya aikin?"

"Aiki da godiya. Na ce ba, gangaren nan naki na ga ya yi kaɗan, sai na ɗan ƙara masa. To yanzu katakon ya ƙare, gangaren bai ƙare ba. Ki tambayi kwamfutar taki yadda za a yi."

Khaulat ta daina tauna. "Wane gangare?"

"Na bututun iskar mana."

"Kawu, bututun iska ba shi da gangare."

Tana jin kukan janareta a can wajensa, da ƙarar takarda ana buɗe ta.

"To naki dai yana da shi," in ji Kawu. "Ga shi nan a rubuce."

Khaulat ma'aikaciyar wucin gadi ce a wani ofishin injiniyoyi a Kano, wata takwas ke nan, amma kwana uku a mako daga gidansu a Bunkure take aiki. Ita ba ta zana gini. Aikinta shi ne rubuta wata ƙaramar manhaja da ake maƙala wa babbar manhajar da injiniyoyi ke zane da ita. 'Yan ofis suna ce mata fulogin. In injiniya ya zana ɗaki, fulogin ɗin zai jera manyan katakan da za su ɗauki daɓe, ya ratsa ta cikinsu da bututun iska, sannan ya fitar da takarda mai nuna wa kafinta daidai inda zai huda kowane katako. Aikin kwana biyu ya koma na minti biyar, kuma Khaulat ba ta gajiya da faɗa wa mutane haka, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Gini na farko da aka gwada shi a kai rumbun albasa ne na ƙungiyar manoma, a bakin hanyar Kura. Daɓensa na katako ne, a ɗage daga ƙasa, da 'yan tsagogi, fanka na hura iska ta bututu a ƙarƙashi don kada albasa ta ruɓe kafin ta yi daraja. Ita ce ta yi ta roƙon maigidanta na ofis, Injiniya Badamasi, har ya yarda ya ba wa ƙanin mahaifiyarta aikin katakon, duk da ya so ya kawo kafinta daga birni. Yau bayan azahar Injiniyan zai zo ya duba. In komai ya yi daidai, a wurin zai ba ta takardar aiki ta dindindin, ranar Litinin kuma a raba fulogin ɗin ga kowa a ofis. Sati biyu ke nan tana gwada yadda za ta karɓi takardar ba tare da ta yi dariya da yawa ba.

Ta ajiye ƙosan a kan katanga, kaji suka yi godiya. Ta zari mayafi da jakar laftof.

"Ina zuwa ko koko ba ki sha ba?" in ji Inno, mahaifiyarta, daga bakin murhu.

"Wajen Kawu. Wai ya ƙara gangare."

"To ai ya kyauta," in ji Inno, ta ci gaba da damun kokonta.

A cikin adaidaita sahu ta buɗe laftof a kan cinya. Hanyar ta bi gefen babban kanal, ruwa cike yana tafiya a hankali, hagu da dama fangalin albasa da tumatir, mutane a duƙe suna jera tiyo. Ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta buɗe zanen, ta juya shi ta gefe, bututun ya fito a miƙe sambal kamar yadda ta saba ganinsa. Ta ƙara girmansa, ta ƙara, ta ƙara, har sai da ƙarshen ginin ya cika allon. A nan ta ga ramin azara ta arba'in, ta ƙarshe a jerin katakan, yana taɓa bakin katakon ta ƙasa.

"Hajiya, kwamfutar ba ta jin jiri?" in ji mai adaidaita, bayan ya faɗa wani rami da gangan ko da rashin gani.

"Ni dai nake ji," ta ce.

Kafin su kai gadar farko ta samo layin da ya jawo haka a cikin manhajar. Shekara uku da suka wuce, a wani dogon hutu, ta rubuta wa ƙungiyar masu ban ruwa ta unguwarsu wata 'yar manhaja mai zana hanyar ruwa daga kanal zuwa fangali. Da ta zo rubuta fulogin, sai ta tuna tana da abin da ke nemo hanya daga wuri zuwa wuri, ta ɗauko shi dungurugum ta dasa. Tare da shi wani ɗan layi ya biyo, bai yi sallama ba, wanda ke cewa duk mita biyu a sauka da santimita ɗaya. A gini mai tsawon mita ashirin, wannan saukar ba ta fi faɗin tafin hannu ba, ido ba ya kama ta a allo. Amma azarar ma duka kaurinta tafin hannu uku ne, ramin kuma ya cinye ɗaya a tsakiya.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta karanta takardar kafin ta miƙa ta. Ta ga lambobin suna raguwa, ɗari da hamsin, ɗari da arba'in da bakwai, ɗari da arba'in da biyar, kuma zuciyarta ta kwanta lakadan. Ba za a zarge ta da yawa ba. Duk wanda aka haifa tsakanin Kura da Bunkure, kafin ya iya karatun Fatiha ya san abin da ke tafiya a cikin hanya sai an karkata masa, in ba haka ba ya kwanta ya yi wari. Mu nan ko tabarma aka shimfiɗa sai wani ya duba ta ina ruwa zai bi. Dattawan kwamitin rumbun su bakwai sun zauna a kan takardar nan yini guda, kuma abu ɗaya da suka yaba a ciki shi ne yarinyar Iliyasu, wato Khaulat, ba ta manta gida ba.

Ta goge ɗayan da ke cikin layin, ta rubuta sifili. Gyaran bai ɗauki minti guda ba. Bututun ya miƙe, ko da yake a ido babu abin da ya canja.

Ta tarar da Kawu Sammani a tsakiyar ginin, gajere, hula a ƙeya, fensir a bayan kunne, sabon injin huda katako a hannunsa. Saboda wannan aikin ya saye shi, kuma babu shagon da bai kai shi aka gani ba a Bunkure. An riga an jera katakan a kan ginshiƙansu, guda arba'in reras. Azara yake ce musu, duk da ba na giginya ba ne, kuma kowa a wurin ya bi bakinsa.

"Zo ki gani," ya ce, bayan sun gaisa. Ya durƙusa a bakin ta farko. "Nan a tsakiya na fara, yadda kika ce. Amma naki, duk azara ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ake sauka. Na ce wannan ai iskar za ta kwanta a tsakiyar ɗaki. Sai na mai da shi inci ɗaya duk azara huɗu."

Suka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai kyau, wannan dole a faɗa. Kowane rami zagaye yake, an goge bakinsa, kuma in ka leƙa ta na farko za ka ga sauran sun gangara a jere, abin da duk mai lambu zai gani ya yi hamdala. A azara ta goma sha huɗu Kawu ya sa ɗan yatsansa a ƙarƙashin ramin. Katakon da ya rage bai fi kaurin yatsan ba.

"A nan na tsaya," ya ce. "Katako in ya ɗauki nauyi ta ƙasa yake tsagewa. In aka ɗora buhu ɗari uku a kan wannan, ba albasa kaɗai za ta faɗi ba. Shi ya sa na ce ko kwamfutar za ta ɗan ɗaga mana kan."

"Kawu, ruwa ne ke bin gangare. Iska fanka ce ke tura ta."

"Ko a kwance?"

"Ko sama ma."

Ya ciro fensirin ya sosa kai da shi. "To me ya sa kika sa mata?"

"Ban san na sa ba."

Ta ba shi labarin layin da ya biyo ta daga fangali. Ta nuna masa ƙasan takardar, inda lambobin suka ƙare. Ko da bai ƙara komai ba, ko da ya bi ta harafi da harafi, a azara ta talatin da wani abu zai isa inda yake yanzu, a ta arba'in kuwa injin zai fito waje.

"Wato hanya ɗaya muka hau," in ji Kawu. "Ni dai na fi ki gudu."

Ya yi dariya har sai da ya dafa ginshiƙi. Ita ma ta yi, amma tata ba ta wuce maƙogwaro ba. Da dariyar ta lafa sai ya dube ta na ɗan lokaci, irin duban da yake yi wa ƙofa kafin ya yanke shawarar ta ina zai aske ta.

"Yau ne Injiniyan zai ba ki takardar nan da uwarki ta cika mana kunne da ita?"

"In ya ga komai daidai."

"Kwamfutar ta miƙe yanzu?"

"Ta miƙe. Na gyara a hanya."

Kawu ya ninke takardar hudar gida biyu, ya sake ninkewa, ya sake, ya zura ta a aljihun rigarsa na hagu, ya daddanna.

"Kawu."

"Je ki gidan mai gadi ki sha ruwa, rana ta yi. In an kira salla ki yi a can, matarsa mutuniyar kirki ce."

Ta fahimci abin da yake nufi sarai, shi kaɗai zai ɗauki laifin. Kuma gaskiyar magana, abin da ta fara ji daɗi ne, wani sanyi ya sauko mata har ƙafa. Kunyar daga baya ta zo, tana zaune a kan tabarmar matar mai gadi tana shan ruwan randa. Ta yi ta gaya wa kanta ai shi ya huda, ai shi ya ƙara, ai ba wanda ya aike shi. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya bai sa ruwan ya wuce da daɗi ba.

Kafin azahar dattawan kwamiti sun hallara a gindin darbejiyar da ke gaban ginin, kowa da buzunsa ko kujerar roba. Sun ji babban Injiniya zai zo, kuma cire albasa saura sati uku, don haka kowa na son ya ji da kunnensa. Aka yi salla a wurin, aka koma aka zauna ana musun farashin iri.

Ƙarfe biyu da rabi motar Injiniya Badamasi ta sauko daga titi. Dogo ne, ɗan birni, mai tabarau, sanye da farar shaddar da ba a yi ta don wurin gini ba. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai sauri, wanda ke gama amsa kafin ka gama tambaya. Ya gaisa da dattawa da hannu biyu, ya ce wa Khaulat, "Ya manhajar tamu?" bai jira amsa ba ya shige ciki yana tattare riga.

Ya leƙa ramin farko, murmushinsa ya tsaya. Ya taka zuwa tsakiya, ya durƙusa a azara ta goma sha huɗu, shadda ko oho, ya sa yatsa inda Kawu ya sa nasa. Dattawa suka taso suka tsaya a bakin ƙofa.

"Malam," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wa ya ce ka yi haka?"

Kawu ya cire hula ya mayar. "Ranka ya daɗe, ni na ƙara shi. Da hannuna. Ba wanda ya sa ni."

"Khaulat, buɗe min zanen."

Ta buɗe laftof a kan wani buhun siminti. Injiniya ya juya zanen, ya ƙara girmansa, ya duba farko, ya duba ƙarshe. Duk ramukan a tsakiya suke, ɗari da hamsin daga na ɗaya har na arba'in. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Shi ma ashe tsoro ya ji, domin ya riga ya yi wa abokan aikinsa alfahari da fulogin ɗin.

"To alhamdu lillahi, zane lafiyarsa ƙalau," ya ce. Ya juya wajen Khaulat. "Na gaya miki tun farko, irin wannan aikin ba na mai yin gadaje ba ne. Ba laifinki ba ne, ɗan'uwa ɗan'uwa ne." Sannan ya dubi Kawu. "Malam, ka yi haƙuri, ka tattara kayanka. Gobe zan turo kafinta daga Kano."

"To, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Daga bakin ƙofa wani dattijo, Ɗanbaba, wanda shi ya fi kowa yawan albasa a ƙungiyar, ya ce, "Haba Sammani. Katakon jama'a fa." Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Khaulat ta san garinsu. Kafin la'asar maganar za ta isa kasuwa, kafin Juma'a ta zama Sammani ya kusa kashe mutane da rumbu. Shekara talatin yana aikin katako ba a taɓa dawo masa da ko benci ba.

Kawu ya zare wayar injinsa daga janareta. Ya fara naɗe ta a gwiwar hannu, a hankali, zagaye bayan zagaye, yana kallon ƙasa. Da ya gama ya hure ƙurar katakon da ke bakin injin, ya goge shi da gefen riga.

"Kawu," in ji Khaulat, "ba ni takardar."

Bai ɗago ba. "Khaulatu, manya na magana."

"Ta aljihun hagu."

"Na ce ki je waje."

Ta matso ta durƙusa a gabansa kamar mai gaisuwar safe, ta miƙa hannu biyu. Hannuwan kuwa ba su sauka ba. Kawu ya dubi dattawa, ya dubi Injiniya, ya ga babu mai ceto. Ya yi tsaki, ya ciro takardar ya dangwara mata.

Ta warware ta, ta miƙa wa Injiniya.

"Yallaɓai, wannan ce takardar da fulogin ya fitar, wadda na ba shi. Zanen da ka gani yanzu, da safen nan na gyara shi a cikin adaidaita. Gangaren nawa ne. Shi ƙari kawai ya yi."

Ta faɗi sauran a gurguje, da manhajar ban ruwa, da layin da ya biyo ta, da azara ta arba'in. Injiniya bai katse ta ba, abin da ba a taɓa gani ba a ofis. Ya bi lambobin da yatsa, layi bayan layi, har ƙasa. A ƙasan kuwa akwai hatimin ofis, da sa hannun wanda ya duba ya amince, wato nasa. Ya daɗe yana kallon sa hannun nan kamar bai san mai shi ba. Ya cire tabarau ya goge.

"Ni dai abu ɗaya ne ban gane ba," ya ce. "Mutum nawa ne suka karanta wannan takarda?"

"Mu duka mun karanta," in ji Ɗanbaba.

"Kuma ba wanda ya yi mamakin ganin bututun iska yana gangarawa?"

Dattawan suka dubi juna. Ɗanbaba ya gyara tsayuwa, ya yi tambayar cikin ladabi, don kada baƙo ya ji kunya.

"Ranka ya daɗe, to ta ina za ta bi?"

Injiniya ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga fuskoki bakwai na jiransa da tausayi, ya rufe. Ya juya baya, kafaɗunsa suka ɗan girgiza. Da ya juyo ya mayar da tabarau da fuskar aiki.

"Malam Sammani, mayar da wayarka a janareta. Na yi saurin magana, ka yafe ni." Ya taka ya duba azarorin farko. "Shida ɗin nan za su zauna, ramukansu ba su yi nisa da tsakiya ba, mai bututu zai lanƙwasa ya bi. Takwas ɗin a cire, a yanka su guntu-guntu a yi tokare da su, ba za a yi asararsu duka ba. Sauran a huda a tsakiya. Kuma don Allah, in takarda ba ta yi maka ba, ka kira kafin ka huda, ba bayan goma sha huɗu ba."

"In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

"Khaulat, raka ni mota."

Ta bi shi a baya. Ya buɗe ƙofar gaba, a kan kujera akwai farar ambulan mai sunanta, an buga shi da manyan baƙaƙe, har da sunan kakanta. Ya ɗauke ta ya jefa a ƙaramar durowar motar ya rufe.

"Jiya na sa mata hannu," ya ce. "Kin ga ni ma ina sa hannu da wuri. Wata uku. Ba za a raba fulogin ɗin ranar Litinin ba. Za ki gwada shi a kan tsofaffin gine-ginenmu biyar, ni kuma zan karanta kowace takarda har ƙasa. In ya wuce, sai mu yi magana. In bai wuce ba, mu yi wata maganar."

"To, Yallaɓai."

"Kuma akwai abin da za ki ƙara masa. Kawun nan naki, da ya ga katako zai ƙare, ya tsaya ya ɗauki waya. Manhajarki ba ta tsaya ba, har waje ta fita tana huda iska. Ki koya mata tsayawa."

Ya tayar da mota ya hau titi. Khaulat ta tsaya tana kallon bayanta har ta sha kwana. Abin ya yi mata ciwo, ba kaɗan ba. Ta riga ta gaya wa ƙawayenta biyu, Inno kuwa ta gaya wa duk wanda ke da kunne. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wa kanta ƙurar katako ce, ta koma ciki.

Dattawa sun koma gindin darbejiya, sun bar farashin iri sun kama musu a kan iska. Ana jin muryar Ɗanbaba yana cewa shi dai a gonarsa ba za a yi masa haka ba. Kawu na zaune a kan azara ta goma sha biyar, ya sha mur.

"Kin kyauta," ya ce, bai dube ta ba. "Ni tsoho ne. An kore ni yau, gobe wani zai kawo ƙofa. Ke yanzu kika fara. Wata uku kika ɗauka kika zuba a kanal."

"Ƙarya za ka yi saboda ni, Kawu?"

"Ina na yi ƙarya? Ban ƙara ba? Ba da hannuna ba? Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Rabinta dai na ajiye a aljihu, kika zo gaban mutane kika caje ni kamar ɗan sanda."

Ta zauna a azarar da ke kallonsa. "Da ka tafi da injin nan a hannu, da ban iya karɓar ambulan ɗin ba."

"Da kin karɓa mana. Hannu ne da ke."

Ya tashi ya ɗauko igiya, ya ɗaura ta a ƙusa a tsakiyar azara ta farko, ya ja ta har bangon ƙarshe, ya ɗora ma'aunin ruwa a kai ya yi ta gyarawa har kumfar ta tsaya a tsakiya. Ya ja baya ya kalli igiyar a miƙe, fuskarsa duk babu daɗi. Ya ciro fensir, ya durƙusa zai yi alama, sai ya fasa. Ya miƙa mata fensirin ta gindi.

"Ke yi. Hannun nan nawa shekara talatin yana karkata abu, yau ban yarda da shi ba."

Khaulat ta karɓa. Ta tattara mayafi, ta durƙusa a bakin azara ta goma sha biyar, ta daidaita ido da igiyar, ta ja ɗan gajeren layi. Ta matsa ta goma sha shida ta ja, ta goma sha bakwai ta ja, a natse, tana cije leɓe. Kawu ya biyo ta a baya da tef yana aunawa. A ta farko ya auna ya wuce. A ta biyu ya kusantar da ido. A ta uku ya tsaya, ya sake aunawa, sannan ya kira ta da hannu ya nuna mata. Kowace alama ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta da ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Suka dubi juna. Kawu ya lashi babban yatsansa, ya goge alamomin uku ɗaya bayan ɗaya.

"Sake," ya ce. "Kada ki gaya wa Injiniya."